Farfesa Lambo, Likitan Da Ya Mai Da Ƙauye Asibiti

Duk wanda ya san ƙasar Kajuru ya san abin da ta sha. A watan Oktoba na 2018 aka yi rikicin Kasuwan Magani, inda 'yan sanda suka ce mutum 55 suka halaka, sa'an nan a farkon 2019 kashe-kashe suka bi ƙauyuka, Adara da Fulani kowa ya binne nasa. Kafin wannan kuwa Kafancan ta ga nata a 1987 da 2011, Zangon Katab a 1992. An ƙidaya gawawwaki, an ƙidaya gidajen da aka ƙone. Waɗanda ba a ƙidaya ba su ne yaron da ya daina magana, da matar da ba ta iya runtsawa, da magidancin da in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya nufi daji. Saboda irin waɗannan mutane ya kamata a tuna da wani likita Bayarabe wanda tun zamanin Turawa ya nuna cewa hankalin da ya ji ciwo ya fi samun sauƙi a cikin 'yan uwa bisa ga bayan katanga.

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abekuta ranar 29 ga watan Maris 1923. Ya yi sakandare a makarantar Baftis ta garinsu, daga nan ya tafi Ingila ya karanta aikin likita a Jami'ar Bamingam. A 1952 ya shiga asibitin Maudsley na birnin Landan don ya ƙware a kan cututtukan hankali, watau fannin da a wancan zamani ba kowane likita ke marmarinsa ba. Ya komo gida a 1954, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan horo.

Abin da ya tarar ba shi da daɗin faɗi. Gidan mahaukata na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe tun 1907, ya fi kama da kurkuku. A nan Arewa ma sau da yawa gidan yarin En'e ne makomar mai taɓin hankali, in kuwa a hannun dangi yake, to, sai mari ko turu. A Abekutar kanta akwai wani tsohon gidan yari a Lantoro da aka mayar wurin tsare marasa lafiya a 1944, aka riƙa kai sojojin da suka komo daga yaƙin ƙasar Bama ta Asiya hankalinsu a taɓe. Mai karatu ya tuna, 'yan Arewa ba kaɗan ba ne a cikin rundunar da ta je wannan yaƙi, har ma Hausa ce harshen bariki. Mutane ne da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, aka sāka musu da kulle.

Daɗin daɗawa, akwai Turawan da suka ɗauka ƙwaƙwalwar baƙar fata dabam take. Wani likita mai suna Carothers da ya yi aiki a Kenya ya rubuta littafi a 1953, yana riya cewa wai mutumin Afirka ba ya amfani sosai da sashen gaba na ƙwaƙwalwarsa. Wasu kuma suka ce ciwon baƙin ciki bai cika kama shi ba. Lambo ya mai da martani a rubuce a 1955, ya nuna cewa wannan magana son zuciya ce aka yafa mata rigar ilmi. Amma babbar amsarsa da aiki ya ba da ita.

Da aka ba shi shugabancin sabon asibitin Aro, kusa da Abekuta, ginin bai ma kammala ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya a gidajensu a matsayin 'yan haya. Da farko mutane sun tsorata, don kuwa wa zai so a kawo masa mahaukaci cikin gida? Ya yi ta lallashi har suka yarda, aka fara a watan Oktoba na 1954, daga baya abin ya game ƙauyuka huɗu.

Sharaɗin shi ne kowane mara lafiya ya zo da ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa ko goggo, wanda zai yi masa girki da wanki, ya kuma kwana tare da shi. Da safe a rako shi asibiti a ba shi maganin zamani, da rana ya koma ƙauye ya zauna cikin mutane, ya je kasuwa, ya taɓa aikin gona ko sana'ar hannu. Ma'aikatan jiyya suna cikin ƙauyen dare da rana ko da wani abu zai taso. Su kuma masu gidaje suna karɓar kuɗin haya, aka ba su rancen ƙara ɗakuna, aka gyara musu sha'anin ruwa da tsabta. Kowa ya amfana, kuɗin da hukuma ke kashewa kuma ya ragu ƙwarai. Har ila yau Lambo ya jawo wasu masu maganin gargajiya cikin aikin, abin da ya sa wasu 'yan uwansa likitoci suka yi masa kallon banza. Hujjarsa ita ce, mutumin da ya yi imani sammu aka yi masa ba zai saki jiki da wanda ya fara da yi masa dariya ba.

A lokacin babu na'urar da za ta nuna abin da ke gudana cikin ƙwaƙwalwar mai rai. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyatnam, likitocin Amurka suka sa ciwon firgita bayan masifa cikin littafinsu a matsayin cuta mai zaman kanta, hotunan ƙwaƙwalwa kuma suka biyo baya daga shekarun 1990. Abin da aka gano ya ƙarfafa hanyar Lambo.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu da ake kira amigdala, aikinsa kamar na mai gadi ne. Da ya ji alamar haɗari sai ya yi kururuwa, jiki ya zubo sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa, mutum ya shirya gudu ko faɗa, wani kuma ya sandare. Wannan rahama ce, ita ke fid da mutum daga gidan da ke cin wuta. In haɗarin ya wuce, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna al'amura, shi ke gaya wa mai gadin ya yi shiru. Wani sashe kuma da ake kira hifokamfas shi ke adana abin da ya faru tare da wurinsa da lokacinsa, don mutum ya san cewa wancan jiya ne, yau kuwa yau ce. To, a wurin wanda firgita ta zauna masa, mai gadin ya ƙi yin shiru, sashen gaba ya kasa tsawata masa, abin da ya faru kuma bai shiga ma'ajiyarsa daidai ba. Shi ya sa warin hayaƙi ko ƙarar babur kan mai da mutum daren da aka kawo hari, kamar yanzu ake yi. Mugayen mafarkai, saurin fushi, gudun mutane, duk daga nan suke. Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba.

Yawancin waɗanda masifa ta auka wa sukan farfaɗo da kansu cikin makonni ko watanni, kuma bincike ya sha nuna cewa rashin masu tallafa wa mutum yana cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya daɗe. Ƙwaƙwalwa ba ta yarda haɗari ya wuce don an faɗa mata da baki, sai ta ga fuskar da ta sani, da abinci a kan lokaci, da barci inda babu fargaba, da aikin yi. A saurari mutum in ya so magana, kada a tilasta masa ba da labari. Wanda ya wuce wata guda abin na hana shi harkokinsa, ko ya fara zancen kashe kansa, a kai shi wurin ƙwararru, kamar asibitin taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da ƙwayoyin sa barci irin su baliyam ga wanda bai daɗe da firgita ba.

Sunan Lambo ya kai ko'ina. A 1961 ya tara likitocin hankali a Abekuta, taro na farko irinsa a Afirka. Binciken da ya yi tare da masana na Jami'ar Cornell, wanda aka buga a 1963, ya nuna cewa cututtukan hankalin da ake samu a ƙauyukan Yarabawa sun yi kama da na wani yanki na Kanada. A shekarar ya zama farfesa a Jami'ar Badun, ya kuma shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Wannan shugabanci bai ƙare da daɗi ba, don a zamaninsa ne, ranar 1 ga watan Fabrairu 1971, 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a wata zanga-zanga. A shekarar ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya zama mataimakin babban darekta daga 1973 har 1988. A 1979 yana cikin mutanen farko da aka ba lambar girma ta ƙasa don ilmi, shi da Alhaji Abubakar Imam da Chinua Achebe.

Tsarin ƙauyen kuwa ya yi rauni da birnin Abekuta ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan, kuma dama ba kowane mara lafiya ya dace da shi ba. Gwamnatoci sun yaba da baki, amma kaɗan ne suka kwaikwaya. Lambo ya rasu ranar 13 ga watan Maris 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81, alhali ƙasar nan tana aiki da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ba a maye gurbinta ba sai a farkon 2023.

Maganin Lambo ya dogara ne a kan abu biyu, ƙauye mai zaman lafiya da ɗan uwa mai jiyya. A ƙauyukan Kajuru da aka ƙone a 2019, waɗannan biyun ne aka fara rasawa: mutane suka watse zuwa makarantu da gidajen dangi a wasu garuruwa, uwar da za ta yi jiyya kuma ita ma tana cikin masu zabura da dare.