Hubert Cecil Booth, Injiniyan da Ya Zuƙi Ƙura da Bakinsa

Sanadin da na san wannan mutum shi ne aikina na kammala difloma. An ba ni wani tsohon injin zuƙe ƙura na kafet, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, aka ce in tayar da shi cikin makonni shida. Motarsa na juyawa lafiya lau, amma ko ƙwayar gero ba ya ɗauka. Sati biyu ina kwance farfela ina mayarwa, ashe tiyon ne ya tsattsage. A wajen neman bayani ne na ci karo da tarihin Booth.

An haife shi ranar 4 ga Yuli 1871 a garin Gloucester na Ingila. Ya yi karatun injiniya a Landan, sannan ya kama aiki a kamfanin Maudslay, Sons and Field, inda ya tsara injinan jiragen ruwan yaƙi. Yana kuma cikin injiniyoyin da suka tsara katafaren lilon nan mai juyawa na birnin Biyana, wanda aka kafa a 1897, kuma har yau yana ɗaukar mutane.

Wata rana ya je kallon wani inji da ke hura iska a kan kafet don korar ƙura. Sai ya lura ƙurar tashi kawai take yi ta sake sauka. Ya yi tunanin me zai hana a zuƙe ta maimakon a hura. Don ya gwada, ya shimfiɗa hankici a kan kujera mai katifa, ya kafa baki ya ja iska da ƙarfi. Da ya juya hankicin, sai ga datti ya manne a ƙasansa. A 1901 ya samu takardar mallakar ƙirƙirarsa.

Injin nasa fa ba na ɗauka a hannu ba ne. Ƙato ne mai amfani da fetur, doki ke jan sa, a ajiye shi a bakin titi, ma'aikata su zura dogayen tiyo ta tagogi zuwa cikin ɗakuna. Ƙararsa na firgita dawakan kan hanya, har aka riƙa kai ƙorafi, amma aikinsa ya karɓu. A 1902 da shi aka share kafet ɗin majami'ar Westminster Abbey kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai. Booth ya ci gaba da jagorantar kamfaninsa na tsawon shekaru, ya rasu ranar 14 ga Janairu 1955 a Croydon.

Hankicin nan nasa ne ya warware mini matsalata. Abin da farfela ke yi shi ne rage matsin iskar cikin inji, sai iskar waje ta kutso da gudu tana ɗauke da ƙura. In akwai tsaga a tiyo, iskar ta nan za ta bi, domin nan ne hanya mafi kusa, bakin da ke kan kafet ya tashi a banza. Na fara naɗe wurin da salatif, kwana biyu ya ɓalle. Daga baya na yanke ɓangaren da ya lalace kusa da mariƙi, na datse wayar da ke naɗe a ciki, na murɗa sauran tiyon cikin mazauninsa. Ya rage tsawo da kamar taƙi ɗaya, amma wallahi yanzu tafin hannu yake kamawa gam.

Shawarata ga 'yan shekarar farko: kafin ku kwance inji, ku toshe bakin tiyo da hannu ku saurari inda iska ke shiga. Ranar Talata mai zuwa zan kare aikin a gaban malamai, ku taya ni da addu'a.