Sa Abubakar Tafawa Balewa: Malamin Makarantar Da Ya Karɓo Mulkin Kai

'Yan'uwa mazauna Ikko, duk wanda ya bi ta dandalin Tafawa Balewa ya ga fararen dawakan nan huɗu da jajayen mikiyoyi bakwai a bisa ƙofa. To wurin nan da filin sukuwa ne, sai a 1972 aka gina dandalin. A nan ne, da ƙarfe 12 na daren 1 ga Oktoba 1960, aka sauko da tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya, wasan wuta ya haske sama kamar da rana. Da gari ya waye Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya, ta miƙa takardun mulkin kai ga mutumin da filin ya ci sunansa.

An haifi Abubakar a 1912 a garin Tafawa Balewa cikin ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa bara ne na hakimin Lere. Ya yi karatu a Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 ya koma gida yana karantarwa a Midil. Cikin wannan aiki ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A 1945 aka tura shi London ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo kuwa sai siyasa ta ja shi.

Abin da ya kamata mu lura da shi, shi ma baƙo ya zo Ikko kamar kowa a cikinmu. A 1947 ya fara zama a Majalisar Dokoki ta nan, kuma bai ɓoye ba, a lokacin yana ganin haɗa Arewa da Kudu dabarar Turawa ce kurum, ba ta kai zuci ba. Haka nan bai ƙyale na gida ba, don a 1950 ya miƙe a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a riƙa jin ta bakin talaka. Wannan magana ba ƙaramin ƙarfin hali ba ce a zamanin.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri. A 1955 ya je Amurka duba yadda jirage ke aiki a kogin Misisifi, ya ga jama'a iri-iri zaune a ƙasa guda, ya komo da ra'ayin Nijeriya ma za ta iya. A 1957 ya zama Firayim Minista.

A waje ya fito da mu kunya. Mako guda da mulkin kai ya shigar da Nijeriya Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 99. A 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bom a Sahara, kuma da shi aka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Turancinsa kuwa, har laƙabin mai muryar zinariya aka yi masa.

A gida ne aka sami cikas, kuma gaskiya sai a faɗe ta. Rikicin Jihar Yamma ya sa ya kafa dokar ta-ɓaci a 1962. Amma da zaɓen 1965 ya ɓaci, aka shiga ƙone gidaje da motoci, bai ɗauki irin wannan mataki ba. A ganina haƙurinsa a nan ya yi yawa. Dattawan Yarbawa da muke zaune da su ba su manta ba, saboda haka kada mu ji haushi in sun tayar da zancen.

Ran 15 ga Janairu 1966, kwana uku da sallamar shugabannin Kwamanwel da suka taru a Ikko, soja suka ɗauke shi daga gidansa na Onikan, ba nisa da filin sukuwar. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka rufe. Abin da aka san ya bari gida ne da gona.

Tun da aka mai da babban birni Abuja a 1991, babban bikin ranar ya koma can. Mai hanyar gida ta Bauchi yana iya ratsewa ya ziyarci kabarinsa, inda aka ajiye wasu kayansa don masu ziyara su gani. Hotonsa kuma shi ne a jikin takardar naira biyar.