ROWLAND BINGHAM: MUTUMIN DA SHAKKA BA TA KAYAR BA (1872–1942)

Yawancinmu da muke sujada a ikilisiyoyin ECWA mun san sunan SIM, amma kaɗan ne suka san irin wahalar da wanda ya kafa ta ya sha. Ana yawan ba da labarin Rowland Bingham kamar jarumin da zuciyarsa ba ta taɓa raurawa ba. Gaskiyar magana ita ce, sau biyu bangaskiyarsa ta kusa rushewa, kuma abin da ya yi a waɗannan lokatai shi ne ya fi cancanta mu koya.

An haife shi ran 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead a ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, sai ya shiga neman abin kansa da wuri. Ya karɓi Yesu ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, ya kuma ƙaura zuwa Kanada yana da shekara 16. A Toronto ne ya haɗu da wata dattijuwa, Uwargida Gowans, wadda ta ba shi labarin nawayar da ke zuciyar ɗanta Walter domin ƙasar Sudan. A wancan zamani Turawa suna kiran dukan ƙasashen da ke kudu da hamada da wannan suna, har da ƙasar Hausa.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent ɗan Amurka, da Bingham wanda bai cika shekara 21 ba. Babu wata ƙungiyar mishan da ta yarda ta ɗauki nauyinsu, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Wani shugaban mishan a Legas ya faɗa musu a fili cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai ko jikokinsu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka shirya ya zauna a Legas yana aika wa sauran biyun kaya. Gowans ya rasu a Girku, kusa da Zariya, cikin Nuwamba 1894. Kent ya bi shi a Bida cikin Disamba na shekarar. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

Nan ne gwaji na farko ya same shi. Ya tafi Afirka yana riƙe da koyarwar da ta bazu a lokacin, cewa duk mai bi na gaskiya yana da alkawarin warkaswa daga kowace cuta. Ga shi kuwa ya baro kaburburan mutum biyu waɗanda bai san wanda ya fi su aminci ba. Sai tambayoyi suka taso masa. Idan alkawarin ya tabbata, me ya sa suka mutu? Idan bai tabbata ba, ashe za a iya dogara ga sauran Littafi Mai Tsarki? Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shakkar ta girgiza shi har tushe, ta kuma ɗauki watanni.

Abu biyu suka taimake shi. Na ɗaya, mahaifiyar Walter. Da ya kai mata 'yan kayan ɗanta, ba ta ɗora masa laifi ba, ba ta kuma tambaye shi dalilin da ya sa shi ya rayu nata ya mutu ba. Ta nuna masa cewa ta fi so ɗanta ya mutu a can cikin biyayya ga Ubangiji da ya zauna a gida cikin rashin biyayya, ta ci gaba da addu'a domin aikin. Na biyu, bai rufe Littafinsa ba. Ya koma ya bincika ko abin da aka koya masa haka yake a rubuce. Mai karatu da natsuwa zai ga cewa Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya kuma roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa ba a cire ta ba. Bingham ya gane cewa Allah yana warkarwa, amma bai yi alkawarin warkar da kowa a kowane lokaci ba, shan magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Ya ɗan koyi aikin asibiti a Cleveland, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki a New York. A 1921 ya buga littafi a kan wannan batu domin kada wasu su yi tuntuɓe inda ya yi.

Ya auri Helen Blair a 1898. A 1900 ya sake zuwa Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa gida, abokan tafiyarsa kuma suka karaya suka biyo shi. Wannan karon kunya ce ta fi damunsa, domin jama'a sun ba da kuɗinsu, shekara bakwai sun wuce, babu tasha ko ɗaya. Duk da haka bai ɓata lokaci yana zargin waɗanda suka janye ba. Ya yarda cewa jikinsa ba zai iya zaman ƙasar ba, sai ya nemi waɗanda za su iya. Ya aiko mutum huɗu a 1901, suka kafa tasha ta farko a Patigi, bakin Kogin Kwara, a 1902. A lokacin an riga an gano cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin, ma'aikata kuma suna shan kwinin.

Daga Patigi aikin ya yaɗu. Dokta Andrew Stirrett, wanda ya shigo a 1902, ya ba da sauran ransa ga Hausawa, ya kuma sa hannu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A 1924 SIM ta buɗe tasha a Damagaram, can ƙetaren iyaka arewa da Maigatari. Daga baya aikin jinyar kutare ya buɗe mata ƙofa a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, a wurare kamar Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Bingham ya ziyarci ƙasar nan sau da dama, ya ga da idonsa abin da aka ce ba zai gani ba. Ya rasu ran 8 ga Disamba, 1942. Asibitin ido na Kano ya buɗe a 1943, ECWA kuma ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Ɗalibai, wataƙila akwai waninku da ya yi addu'a domin mahaifiya ko ƙane, aka kuma yi jana'iza. Kada ka ɓoye tambayarka don tsoron a ce ka ja da baya. Toma ya yi shakka, amma bayan kwana takwas yana nan tare da sauran almajirai, a nan kuma Yesu ya same shi. Ka kai tambayarka ga Maganar Allah da kuma wani dattijo mai tsoron Allah.

Mu kuma iyaye, malamai da dattawan ikilisiya a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, mu kaɗan ne, kowa ya san kowa, saboda haka kalma ɗaya ta zargi tana iya korar mutum daga sujada har abada. Idan ɗan'uwa ya yi rashin lafiya, mu yi masa addu'a mu kuma kai shi asibiti, kada mu ce zunubinsa ne ko ƙarancin bangaskiyarsa. Idan wani ya ɗauki aiki ya kasa, mu karɓe shi yadda Uwargida Gowans ta karɓi Bingham. Da ta rufe masa ƙofa a 1895, da wuya ya sami ƙarfin sake gwadawa.

Ubangiji ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.