Barbara McClintock: Matar da ta gano sirrin bakin kuromosom a jikin masara

Masarar da ake gasawa a bakin titi a Kakuri da Sabon Tasha idan damina ta kankama, ita ce shukar da Barbara McClintock ta ƙarar da rayuwarta a kai. A jikinta ta gano abin da ke hana gadon halitta warwarewa.

An haife ta ranar 16 ga Yuni, 1902 a Hartford da ke Amurka. Mahaifiyarta ba ta so ta shiga jami'a ba, gudun kada ta rasa mijin aure. Duk da haka ta shiga Jami'ar Cornell a 1919, ta kammala digirin digirgir a ilimin tsirrai a 1927.

A cikin ƙwayar halitta akwai zarurruka masu ɗauke da bayanan gado, wato kuromosom. A Jami'ar Missouri, inda ta koma a 1936, McClintock ta bi diddigin kuromosom ɗin masara da suka karye. Ta lura cewa karyayyen baki yakan manne da wani karyayyen, ya sake tsinkewa idan ƙwayar ta zo rabuwa, a yi ta maimaita ɓarnar. Lafiyayyen baki kuwa ba ya mannewa da komai. Ashe akwai abin da ke tsare shi, kamar kalmasar da tela ke yi wa bakin zane don kada ya zare. Hermann Muller, wanda ya ga haka a jikin ƙuda, shi ya raɗa masa suna telomiya a 1938. Ita kuma ta nuna cewa a cikin ɗan tsiron masara, karyayyen bakin yakan warke.

Jami'ar ba ta saka mata da alheri ba. Ba a gayyatarta tarukan malamai, kuma ba ta ga alamar ƙarin girma ba. A 1941 ta tattara ta koma cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor. Can ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado kan sauya mazauni, amma da ta gabatar da binciken a 1951, masana suka yi mata kunnen uwar shegu. Sai a 1983 aka ba ta lambar yabo ta Nobel a kansa, tana da shekara 81.

Warkewar da ta gani kuwa, sai a 1984 Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano sinadarin telomeras da ke yin ta. Yau an san telomiya na gajercewa duk lokacin da ƙwaya ta rabu, kuma yawancin cututtukan daji na amfani da wannan sinadari don su yi ta yaɗuwa.

Ta rasu ranar 2 ga Satumba, 1992. Binciken da jami'arta ta raina shi ne ɗaya daga cikin tubalan nazarin tsufa da ciwon daji, abin da ya kamata masu tsara kasafin jami'o'in Najeriya su tuna kafin su tambayi amfanin nazarin masara.