Atanasiyus na Iskandariya, Bishop da Aka Kora Sau Biyar

An haifi Atanasiyus a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 296. A zamaninsa wani firist mai suna Ariyus ya tashi yana koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, wai akwai lokacin da babu shi. Wannan koyarwa ta raba kan Ikilisiya, har Sarki Konstantin ya kira taron bishop-bishop a Nikiya a shekara ta 325. Atanasiyus, yana dikon, ya raka bishop ɗinsa zuwa taron, inda aka tabbatar cewa Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne.

Ya zama bishop a shekara ta 328. Sau biyar sarakunan Rum suna korarsa daga kujerarsa, ya yi kusan shekara 17 yana gudun hijira, amma bai janye ba.

Me ya sa ya dage haka? A littafinsa a kan zaman Kalman Allah mutum, ya bayyana cewa zunubi ya ɓata kamannin Allah a cikinmu, mutuwa kuma ta mallake mu. Halitta ba ta iya sabunta halitta, sai Mahalicci. Saboda haka Kalman ya ɗauki jiki irin namu, ya mutu, ya tashi, domin ya karya ikon mutuwa. Da Ariyus ya yi gaskiya, da gicciye bai ceci kowa ba.

Ya rasu ran 2 ga Mayu, 373. Duk mai bi a Fadan Kagoma ko Kafanchan da yake shaida Yesu Allah ne, mutum ne kuma, yana cin gajiyar wahalar wannan ɗan Afirka.