Taƙaitaccen Tarihin Mobutu Sese Seko (1930–1997)

An haifi Joseph Mobutu a garin Lisala na ƙasar Kwango a shekarar 1930, zamanin mulkin mallakar Beljiyam. Ya yi aikin soja, ya taɓa aikin jarida, sannan ya zama na hannun daman Patrice Lumumba, wanda ya naɗa shi hafsan hafsoshin soja bayan samun 'yancin kai a 1960. Ba a yi wata uku ba ya juya wa ubangidan nasa baya. A watan Nuwamba na 1965 kuma ya hamɓarar da Shugaba Kasavubu, ya ɗare karagar mulki.

Da tsoratarwa ya fara. A 1966 ya sa aka rataye tsofaffin ministoci huɗu a bainar jama'a a birnin Kinshasa. Shekara guda bayan haka ya kafa jam'iyyar MPR, wadda daga bisani ta zama tilo, har doka ta mayar da kowane ɗan ƙasa ɗanta tun daga haihuwa. A 1971 ya sauya wa ƙasar suna zuwa Zayar.

To amma ba bindiga kaɗai ta riƙe shi ba. Babbar dabararsa ita ce hana kowa yin saiwa a muƙami: yau a ɗaga mutum, gobe a jefa shi kurkuku, jibi a yafe masa da kyautar kujera. Nguza Karl-i-Bond misali ne. Yana ministan harkokin waje aka yanke masa hukuncin kisa a 1977. Aka yi masa afuwa, ya zama firayim minista a 1980. Ya tsere ƙasar waje yana tona asirin gwamnati, sai ga shi jakadan Mobutu a Amurka a 1986. Wa zai ƙulla makirci da wanda gobe ana iya saye shi?

A waje kuwa, ya sayar wa Turawan Yamma da kansa a matsayin garkuwa daga kwaminisanci. Shi ya sa da 'yan tawaye suka afka wa lardin Shaba, sojojin Maroko suka cece shi a 1977, na Faransa da Beljiyam a 1978.

Da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, ya halatta jam'iyyu a 1990, ya kuma yi amfani da kuɗi ya rarraba kawunan 'yan adawa. Wannan ta ƙara masa shekara bakwai. A watan Mayu na 1997 dakarun Laurent Kabila suka shiga Kinshasa, sojojinsa da suka daɗe ba albashi suka watse. Ya rasu a Rabat ta Maroko ranar 7 ga Satumba, 1997.