Theodor Boveri (1862–1915): Masanin da Ya Hango Tushen Ciwon Daji

An haifi Theodor Boveri a garin Bamberg na ƙasar Jamus ranar 12 ga Oktoba, 1862. Ya yi karatu a Jami'ar Munich, sannan a 1893 ya zama farfesan ilimin dabbobi a Jami'ar Würzburg, inda ya koyar har ƙarshen rayuwarsa.

Nazarinsa ya ta'allaƙa ne a kan yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu, da yadda take raba wa 'ya'yanta kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado. A cibiyar binciken halittun teku ta Napoli a Italiya, ya yi aiki da ƙwan bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya a jiki. Ya lura cewa idan ƙwayoyin maniyyi biyu suka shiga ƙwai ɗaya, rabon kuromosom yakan karkace, tayin kuma ya lalace. Daga nan ya tabbatar a 1902 cewa kowane kuromosom yana da nasa aikin da wani ba ya yi masa.

A 1914 ya wallafa ɗan littafi kan asalin ciwon daji. Ra'ayinsa shi ne cutar tana farawa daga ƙwaya guda wadda kuromosom ɗinta suka hargitse. Ya kuma yi hasashen cewa a cikinsu akwai masu ingiza rabuwa, akwai masu taka mata burki, tamkar ƙaimi da linzami ga doki. Idan linzami ya tsinke, ko ƙaimi ya yi yawa, sai ƙwaya ta yi ta hayayyafa babu tsayawa.

Likitocin zamaninsa ba su ba ra'ayin muhimmanci ba, domin hujjarsa daga ƙwan halittar teku ta fito. Ya rasu ranar 15 ga Oktoba, 1915. Matarsa, Marcella O'Grady, masaniya 'yar Amurka, ta fassara littafin zuwa Ingilishi a 1929.

Gaskiyarsa ta bayyana daga baya. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka nuna cewa ƙwayoyin gado masu ingiza ciwon daji asalinsu na lafiyayyen jiki ne. A 1986 kuma aka gano RB1, wadda rashinta ke haddasa ciwon dajin ido ga yara, wato linzamin da ya hango shekara 72 kafin nan.